Kafin A Buga Masa Take

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Goggo, ki taimake ni don girman Allah. Ina cikin fargabar da ba ni da wanda zan gaya wa a garin nan. Ina kuma roƙo ki sauya sunayen da zan ambata kafin a buga takardar nan a jarida, za ki ga dalili a gaba.

Ni matar aure ce a Sanyinna, ƙasar Tambuwal. Na yi makarantar horon mata a Sakkwato, na koyar a elementare kafin ɗiya su yi mini yawa. Maigidana malamin dabbobi ne na En'e, yana can wajen Kebbe rangadin allurar shanu, ba a sa ran dawowarsa sai an kwashe amfanin gona. Gidana gidan tsari ne. Ɗiyana mata ba sa zuwa dandali, ba a cin abinci a tsaye, ba a wasa da lokacin salla. Na san matan unguwa suna ce mini Malama Ba Wasa a bayan idona. Su yi ta faɗa. Da a ce ɗiyana sun lalace, gara a ce na cika tsanani.

Maganar a kan babban yaron ce, na farin. Kin san al'adarmu. Ba na kiran sunansa, ba na zama hira da shi, ba na yabonsa, ba na tsaya masa a gaban mutane. Tun da aka yaye shi yake ɗakin kakarsa Dada, uwar maigidana, ƙofarta na kallon tawa. Boko bai raba ni da wannan kunyar ba, ban kuma so ya raba ni da ita ba. In ina da magana da shi, ƙannensa nake yi wa faɗa da ƙarfi yadda zai ji.

Na so ya wuce makarantar Midil, ya ce shi gona da shanu. Wannan na haɗiye. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne kokawa. Ƙato baligi ya tuɓe sai warki, ya ɗaura guraye da layun da bai san abin da ke ciki ba, 'yan mata na guɗa, magariba na wucewa ana kiɗa. Ina mutunci a nan? Na faɗa, na maimaita, duk gidan sun san ra'ayina. Amma yau ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Bana Na'Allah, sarkin samarinmu, zai fitar da mutum fuɗu da za su tsaya wa gari in an gama yankan dawa, su zaga Dogon Daji da Tambuwal har Fakku. Uku an riga an san su, tsofaffin hannu ne. Gurbi na fuɗu ake ja, kuma shi ne na mai buɗe fili, wanda ake fara turawa kowane gari aka sauka. Ana ja ne tsakanin yaron nan da wani Almu, ɗan gidan maƙera. Duk ranar kasuwa bayan la'asar ana gwada su, Na'Allah na zaune yana kallo. Maza suna ta zancen zaɓen 'yan majalisa da ke tafe, ni kuwa zaɓen Na'Allah ne ya hana ni cin abinci.

Goggo, kafaɗarsa ta dama ba lafiya. Da damina ta ja baya ya kai shanu shan ruwa, wani bijimi ya fizgi igiya tana naɗe a hannunsa. Ba wanda ya gaya mini ya ji ciwo, shi ma bai gaya wa kowa ba. Ni na gani. In ya ta da salla a tsakar gida, hannun hagu ya kai kunne, na dama ya tsaya a ƙirji. In yana cin tuwo, kansa yake kaiwa wurin loma, ba loma yake kaiwa baki ba. Damin gero da hagu yake ɗagawa yanzu. Rigarsa ma ya daina sawa ta kai, sai ya fara zura hannun dama a hankali, yana cije leɓe, yana tsammanin ba mai ganinsa. Mutane sun ɗauka uwa ba ta kallon ɗan fari. Ba ta ɗaga ido ne kawai.

Na'Allah bai sani ba. Yabonsa ma yake yi. Ina jin samari ta bayan danga suna cewa yaron ya koyi taɗiya, kafin a riƙe shi ya ɗebe ƙafar mutum, ba ya barin wasa ya yi tsawo. Su a wurinsu gwaninta ce. Ni na san dalili: ba zai iya jure dogon riƙo ba. Almu sa'ansa ne, mara nauyi. Mutanen Fakku fa? An ce ƙarti ne masu kama dantse su murɗe, su ɗaga mutum sama su maka shi da ƙasa.

Na san abin da nake tsoro, don na gan shi da idona. Ƙanena Bube ya shiga fili da targaɗe a kafaɗa muna yara, ya ɓoye don kada a ba wani gurbinsa. Karo ɗaya aka yi. Yau hannunsa na dama ya shanye kamar sandar kara, ba ya riƙe galma, ba ya ɗaure dami, matarsa ke sa masa maɓallin riga. Mutumin kirki ne, yana ɗan tireda a bakin kasuwa, amma in kiɗan kokawa ya tashi sai ya rufe teburinsa ya shige gida. Duk lokacin da yaron nan ya gifta ta ƙofata, hannun Bube nake gani a jikinsa.

Na gwada Dada. Na shiga na gaishe ta, na ce kamar jikan nan nata ba ya jin daɗin hannu. Ta kwashe da dariya ta ce, "Ke Malama, bar mini mijina! Mi ya same shi? Lafiya lau shike. Ke ko kaza ta yi tari sai ki ce a kai ta disfensa." Da ya shigo kuwa ta ɗaga murya, "Kai malalaci, in ɗan maƙera ya kada ka, saki nika so, in koma gidan Almu!" Ya yi dariya, ita ma ta yi. Ni na koma ɗaki.

Na gwada tawa hanyar. Ana cin abinci na tasa ƙannensa gaba da faɗa, na ce duk mai ɓoye ciwo don neman suna a dandali wawa ne, kuma ya ci amanar jikin da Allah ya ba shi aro. Yaran suna kallona ba su san laifinsu ba. Shi kuwa ya ajiye akushi ya fita. Tun ranar a zaure yake cin tuwonsa, inda ba na ganinsa.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne take. A nan garin, ranar da Na'Allah zai faɗi mutanensa, makaɗi yake buga wa kowannensu takensa a gaban jama'a. In an buga wa yaro take, ba ja da baya. Wanda ya janye bayan haka ya ja wa gidansu waƙar zambo har jikoki. Dawa kuwa ta fara nuna.

In na aika wa Na'Allah, an ce uwa ta yi magana a kan ɗan fari, na zubar da kunyar da na riƙe tun ranar sunansa. Wannan ma da sauƙi. In maganar ta fita, ta kai gidan maƙera, daga can ta kai kasuwar Fakku, kuma Na'Allah ya zaɓe shi duk da haka, to ni da bakina na nuna musu inda za su kama. Na yi tunanin in rubuta wa hakimi ya hana wasan bana gaba ɗaya, tunda dai ba abin alheri ba ne. Na yi tunanin in yi shiru in yi ta addu'a. Goggo, na koyar da ɗiyan mutane, na saba a tambaye ni, yau ni ce ban san amsa ba. Mi zan yi kafin a buga masa taken nan?

Taki cikin damuwa,
Uwa mai fargaba,
Sanyinna, Oktoba 1959.

AMSAR GOGGO

Wa alaikumus salam, Malama. Na sa an gabatar da takardarki a kan sauran saboda dawa ba ta jiran kowa. Ki kwantar da hankalinki ki karanta.

Tsoronki yana kan hanya. Hannun da ba ya kaiwa kunne a kabbara ba hannun shiga fili ba ne. Idonki ya ga abin da sarkin samari da makaɗansa suka kasa gani, kada dariyar Dada ta sa ki yi shakka.

Amma ki yage takardar hakimi tun ba ki rubuta ta ba. Kafaɗa ɗaya ce ba lafiya, ba garin duka ba. In aka hana wasa saboda ke, samarin gari za su tsani ɗanki, shi kuma ba zai yafe miki da wuri ba. Kuma bari in faɗa miki abin da matan unguwa ba za su iya ba. Yaron nan bai yi sata ba, bai yi caca ba. Ya yi noma, ya yi kiwo, ya sami abu ɗaya da ake kiran gidanku da shi cikin yabo. Layu da sakaci da salla a yi masa faɗa a kansu, daidai ne. Amma yau shekaru yana jin cewa abin da ya iya wauta ne. Wanda ya san za a ce masa "ai ga irinta nan" ba ya kawo ciwonsa gida. Don haka ya koma zaure. Faɗan ya isa haka, Malama, ki ajiye shi zuwa bayan kaka.

Mutumin da kike nema yana bakin kasuwa. Ki kira Bube. Kawu ne, ba kunya tsakaninsu, kuma shi ba sai ya yi wa'azi ba. Ya kira yaron su biyu, ya roƙe shi ya sa masa maɓallin riga, yaron ya ga hannun da idonsa. Daga nan ya raka shi wurin disfensa a duba kafaɗar. In aka ce asibitin Sakkwato, a hau mota a tafi, ba sai an jira maigida ba, a aika masa dai ya sani. Kada a bar abokai su yi ta ja suna murzawa.

Bayan an duba, yaron da kansa ya je wurin Na'Allah, Bube na gefensa, ba a dandali ba. Kina tsoron Na'Allah ya yaɗa maganar. Ki duba ta wurinsa. Shi ba na wasan rana ɗaya yake zaɓa ba, mutanen da za su kai shi ƙarshen kaka yake nema. Mai buɗe filin da zai karye a garin farko asara ce gare shi, kuma sunansa ne zai ɓaci. Ba shi da riba a tona asirin yaron da zai buƙata gaba. Ya ba Almu gurbin, ba wanda zai tambayi dalili, tunda dama ja ake yi. Wanda ba a zaɓa ba bai ji kunya ba. Wanda ya janye bayan take shi ne ya ji. Kuma a gaya wa yaron gaskiya: kaka doguwa ce, da wuya mutum huɗu su gama ta ba wanda ya gurɗe. In kafaɗa ta warke, ana iya nemansa kafin a nannaɗe tabarma. In ba bana ba, baɗi. Na san ba haka kike so ki ji ba, ke kin fi so ya bari har abada. Wannan ba a hannunki yake ba. Hannunsa muke ceto yanzu.

In ya ƙi sauraron Bube, Bube ya je wurin Na'Allah shi kaɗai. In Bube ya kasa, ki yafa mayafinki ki je da ƙafarki. Kunyar ɗan fari abu ne mai kyau, ni ma na riƙe ta, amma ba farilla ba ce. Surutun mata zai ƙare kafin damina. Hannun da ya shanye kin san tsawon zamansa, kina ganinsa a bakin kasuwa.

Na cika alkawari, na sauya sunayen mutane, na gauraya na garuruwa. Suna ɗaya ne ban sami abin sauyawa ba, don ba ki rubuta shi ba ko sau ɗaya. Ban ce ki kira shi ba. Amma ranar da aka dawo daga wurin disfensa, kada ki aiki ƙannensa. Ki ɗauki akushinsa daga zaure da hannunki, ki ajiye a tsakar gida inda ya saba zama, ki koma bakin murhu. Zai gane wadda ta gani.

Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya zuciyarki, ya nuna miki ranar da hannayensa biyu za su kai kunne.

Taku,
Goggo