Tabon Yatsa a Ganyen Konchita

Litinin, 3 ga Maris

Konchitata, shukar da nake reno a tukunya, ta yi kyau, ba a magana. Ganyenta masu kauri sun buɗe, farin garin da ke kansu yana ƙyalli kamar azurfa. Ranar Lahadi za a yi gasar furanni a dandalin garinmu, kuma bana ni zan ci. Ko ruwa ta gindi nake zuba mata, don farin garin nan in aka taɓa shi ya goge, ba ya dawowa.

Laraba, 5 ga Maris

Tabon yatsa a ganye biyu, kore shar. Aikin Remedios maƙwabciyata ne, ba sai an gaya mini ba. Jiya ta shigo aron barkono tana ta cewa, "Eufrosina, wannan shuka taki sai dai kallo." Ita ma ta shiga gasar. Na juya tukunyar, tabon ya koma baya. Har yanzu ni ce a gaba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kai ƙara wurin maigidana Cipriano. Yana kan kujerarsa ta tsakar gida, inda yake wuni tun da ciwon suga ya cinye masa ido. Wai, "Tsohuwa, ki ƙyale baiwar Allah." Shi dai kullum lauyan mutane.

Asabar, 8 ga Maris

Na fito da safe zan ɗora kofi, sai ga Cipriano durƙushe a bakin katanga, yana bin ganyen Konchita da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Raina ya ɓaci sosai. Na ce, "Tsoho, ashe ɓarawon a gida yake?"

Ya ce, "Kowa ya shigo sai ya yaba ta. Ni na sayo miki ita tana kamar maɓallin riga. So nake in san girman da ta yi."

Na koma kicin. Tortilla, gurasar masarar da na ɗora, ta ƙone mini.

Lahadi, 9 ga Maris

Na kai Konchita wurin gasar da tabonta. Remedios ta zo ta biyu, ni ko sunana ba a kira ba. Alƙalan bana ba su san shuka ba.

Talata, 11 ga Maris

Na mayar da tukunyar kusa da kujerarsa, ta hannun dama. Rana ta fi faɗawa can, dalilin ke nan kawai. Da yamma ya ce, "Tsohuwa, akwai sabon ganye a tsakiya."

Na ce ya bi a hankali, kada ya karya mini shi.