Sun Mai Da Ni Likita Tun Ban Gama Karatu Ba

Goggo Hafiza, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Daga Dakoro nake rubuto miki, hutu ya kusa ƙarewa, amma da na tuna komawa Maradi sai gabana ya faɗi.

Karatun likita nake yi a jami'a, kuma ni ne na farko a zuri'armu da ya kai nan. Tun ranar da aka ga hotona da farar riga, shi ke nan, na zama “likitanmu”. Duk wanda ciwo ya taso daga ruga, daga Tagriss har Korahane, lambata ake ba shi. Ni ne tarbo a tasha, ni ne bin layi, ni ne kai jini labo, ni ne fassara ordonansi, wato takardar magani. Ina cikin aji waya na ta ɓari a aljihu. Har hoton ƙafar saniya an taɓa turo mini, wai in duba.

Ban iya cewa a'a ba. Mutum ya zo bai jin Faransanci, bai san ƙofar shiga ba, yaya zan bar shi? Bara na faɗi jarrabawa, bana maimaici nake, kuma in na sake faɗuwa sallamata za a yi. A gida ba su gane ba, sun ɗauka haka karatun yake da tsawo. Yanzu barci ya ƙaurace mini, in karanta shafi in tashi kamar ban buɗe shi ba.

Ga babbar damuwar. Baffa Agali, aminin mahaifina, wanda ya riƙa ɗora ni a raƙuminsa yana kai ni lakwal, wato makarantar boko, ina yaro, yanar ido ta rufe masa gani. An sa masa ranar aiki, ta faɗo daidai makon jarrabawata. Ya rantse ba mai taɓa idonsa sai ina tsaye. Ina jin kunyarsa, ina tsoron faɗuwa. Yaya zan yi?

Ɗanki mai farar riga

Ɗana, na tausaya maka, ko da yake ƙafar saniyar ta ba ni dariya.

Mutanenka ba mugunta suke yi ba. Asibitin birni abin tsoro ne ga baƙo, ganin wani nasa kuwa rabin sauƙi ne. Amma kai ma ka taya su: ka bar su cikin duhu, sannan kana mamakin suna ta ɗora maka kaya. Ba su san akwai abin da kake shirin rasawa ba.

Kafin ka bar Dakoro, ka ja mahaifinka ku je wurin Agali da ƙafarku. Ban da waya, ban da aike. Ka faɗa musu ka faɗi bara, kuma bana ce damarka ta ƙarshe. Daga nan ka tambayi likitan idon ko za a iya ɗaga aikin zuwa bayan jarrabawa. Shi ne zai yanke, ba kai ba. In bai yiwu ba, ka haɗa Baffa da wani ɗan gida mai jin yarensa tun yanzu, su saba.

Ba kai kaɗai ne ɗan Dakoro a Maradi ba. Ku haɗu ku raba rakiyar nan, kowa da ranarsa. Lokacin darasi waya a kashe. Rashin barcin nan kuma, ka kai shi gaban likita na gaske, kada ka yi wa kanka magani.

Za a yi ƙorafi, wani ma zai ce ka fara girman kai. Ka daure. Ina kyautata zaton Agali zai riga kowa fahimta, don mutumin da ya sha rana yana kai ka lakwal, ba don ka ƙare a ɗan rakiya ya yi ba.

Allah ya buɗe idon Baffa, ya sa da shi zai gan ka ranar da ka zama likitan da suke kira.

Goggo Hafiza