Hotona a Rumfar Ataya, da Kofi Na Uku da Ban Sha Ba

Zuwa ga Malam Awudu, mai gudanar da shafin sharhin siyasa na "Kunnen Zango", Tamale.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da masu taimaka maka a shafi. Ina kuma gaida Hajiya mahaifiyarka, wadda na sha kokonta shekara shida ina firamare.

Sunana Mubarak Seidu, ina zaune a Dabokpa. Na gama jami'a, na kuma kammala hidimar ƙasa wata huɗu da suka wuce. A shafinka ba a san ni da wannan suna ba, an san ni da "Matashi Mai Fayil". Na tura maka saƙo sau uku ta waya, ukun duka sun nuna an karanta. Na je shagonka sau biyu, aka ce ka fita ɗauko rahoto. Shi ya sa na rubuto a fili.

Ga abin da ya dame ni. Na nemi aikin wucin gadi na ma'aikacin zaɓe. Sharaɗin aikin shi ne kada a san mutum da wata jam'iyya. Ana liƙa sunayen waɗanda aka tantance a allo, domin duk mai ƙorafi ya kawo. Sunana ya fito, na goma sha bakwai. Wurare goma sha huɗu na nemi aiki tun da na gama, wannan ne karo na farko da sunana ya hau wani allo. Ranar Talatar da ta wuce aka kira ni aka ce an shigar da ƙorafi a kaina, tare da hotuna biyu da aka ciro daga shafinka. Ana so in bayyana ranar Litinin da ƙarfe goma na safe in yi bayani. In bayanin bai gamsar ba, za a cire sunan.

Zan faɗi yadda abin ya faru bi da bi. Ba zan ambaci sunan jam'iyyar ba, don na lura duk abin da na taɓa a kwanakin nan yana zama labari.

1. Ranar wata Talata, mako uku ke nan, na sauka daga yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, a Moshi Zongo da ƙarfe uku da minti goma, zan kai wa gwaggona saƙo. Bayan minti biyar ruwa ya sauko. Ina riƙe da fayil mai ɗauke da takarduna na asali. Rufin da ya fi kusa shi ne rumfar shan shayin ataya ta bakin titi, wadda aka yi wa fenti da launin jam'iyya. Na ga fentin, ba zan ce ban gani ba. Amma barandar shagon magani da ke gaba ta kai taku sittin, na koma na ƙirga daga baya, sittin da huɗu ne. Na zaɓi takarduna.

2. Kai ka san ƙa'idar ataya, amma zan rubuta saboda masu bin shafinka daga Ankara da Kumasi da ƙasashen waje. Zagaye uku ake yi: na farko mai ɗaci, na biyu matsakaici, na uku mai zaƙi. A wannan rumfa, wanda ya karɓi kofin farko ba ya tashi sai ya sha na uku. Tashi kafin nan raini ne ga mai butar. Mai butar kuwa shi ne Baba Alidu, abokin mahaifina tun suna fataucin shanu tare, ya halarci sunana. Shi ya miƙo mini kofin da hannunsa. Ban san wata hanya da ɗan abokinsa zai bi ya ƙi karɓa ba. In kai ka sani, ka yi shiri a kanta, zai amfani jama'a.

An zaunar da ni a tsakiyar benci ne saboda rufin yana yoyo ta gefe biyu, ni kuma ina da takardu. A sharhinka ka ce wurin zaman yana nuna matsayina a cikin tafiyar. Yoyon rufi yake nunawa.

3. Bayan kofi na biyu, wajen ƙarfe huɗu saura ashirin, mutum biyu suka iso a babur da ƙyalle a naɗe. Aka warware shi a gaban benci. Baba Alidu ya kama gefe ɗaya. Sai wayarsa ta yi ƙara, wani ne daga kasuwar dabbobi a kan saniyar da ta ƙi cin abinci. Ya miƙo mini gefen ƙyallen ya ce in riƙe masa. Na riƙe. Ina bayan ƙyallen ne, rubutun yana fuskantar titi. Sai washegari na karanta shi a shafinka, ashe cewa yake shugaban jam'iyya na ƙasa ya sauka daga kujerarsa.

Minti ɗaya da daƙiƙa hamsin na riƙe shi, daidai tsawon maganar saniyar. Da na ga mai ɗaukar hotonka ya ɗaga waya, na mayar wa Baba Alidu ƙyallensa, na cusa fayil a cikin riga, na fita cikin ruwa. Ban sha kofi na uku ba. Wannan laifina ne, na amsa shi.

4. Da safiyar Laraba ka saka hoton, ka rubuta a kansa cewa matasa masu ilimi na Arewa sun juya wa shugaba baya. Ka yi minti ashirin da biyu kana sharhi. Ka zagaye fayil ɗina da jan layi, ka ce majiya mai tushe ta tabbatar maka sa hannun 'yan jam'iyya ne a ciki. Ga abin da ke ciki: takardar haihuwa, takardar digiri, takardar hidimar ƙasa, kwafin katin shaida, da ƙananan hotuna biyu. Ka ce fuskata tana nuna fushin matasan ƙasa baki ɗaya. Ruwa ne ya shiga takalmina. Daga nan ka yanke cewa jam'iyyar za ta rasa kujeru uku a yankinmu.

Na karanta duk abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin hoton, ban tsallake ko ɗaya ba. Wasu sun ce ɗan wani babba ne ni da ke neman kujerar shugaban. Wasu sun ce daga Kumasi aka ɗauko ni haya. Mutum ɗaya ya rantse mun yi makaranta tare a garin da ban taɓa zuwa ba. Gwaggona ta Moshi Zongo ita ma ta rubuta, tana tambaya me ya sa na rame, kuma ina saƙonta.

5. Mahaifina ba ya shiga intanet, don haka labarin hoton bai dame shi ba. Abin da ya iso masa shi ne na tashi na bar kofi na uku. Baba Alidu ne ya gaya masa bayan sallar Juma'a, a gaban mutane. Mahaifina ya umarce ni in je in ba da haƙuri washegari. Na yi masa bayanin aikin zaɓe. Ya ce shi bai haifi wanda zai ƙirga ƙuri'un gari alhali bai iya ƙirga kofi uku ba.

Na zaɓi ƙarfe goma na safiyar Asabar, a tunanina ba kowa a rumfar lokacin. Abin da ban sani ba shi ne, tun da rikicin shugabancin ya taso aka raba rumfar: masu goyon bayan shugaba da safe, masu son ya sauka da yamma. Buta ɗaya ce, kuma Baba Alidu ke dafa wa kowane ɓangare. Na cire takalmi, na durƙusa a gabansa kamar yadda ake gaida manya a garin nan, na ba shi haƙuri. A bayansa akwai mutum biyar a benci, ɗayansu yana riƙe da babban hoton shugaban. Wani ya ɗauke mu hoto.

Ranar Lahadi ka saka wannan hoton, ka rubuta cewa Matashi Mai Fayil ya tuba, ya durƙusa wa shugaba. Ranar da aka ɗauki hoton ban ma je da fayil ba. Ka yi minti goma sha tara, ka ce kan jam'iyya ya haɗu, za ta riƙe kujeru ukun nan, har ta ƙara ɗaya. Ke nan a cikin kwana biyar na ƙwace wa jam'iyya kujeru uku, na mayar mata da huɗu, alhali ni ban da kujera ko ta ofis.

Kofin ma ban samu sha ba. Baba Alidu ya karɓi haƙurin, amma ya ce ba a shan na uku shi kaɗai, sai an faro daga farko.

Malam Awudu, ba na adawa da sana'arka. Ina bin shafinka tun ina aji biyu a jami'a, kuma akwai ranakun da ka faɗi gaskiyar da wasu suka kasa. Ko shugaban ya kamata ya sauka, ko ya zauna, ban sani ba, ba ni da katin jam'iyyarsa ko na wata. Wanda zai ci zaɓe ma ban sani ba, shi ya sa ake ƙirgawa, aikin da nake nema ke nan. Abin da na sani shi ne, kai ɗan garin nan ne. Ka sha ataya a wannan rumfar. Ka san me ake nufi idan dattijo ya ce riƙe mini, ka kuma san wa ake durƙusa wa. Masu kallo daga nesa ne ba su sani ba, kai kuma ba ka gaya musu ba. Takardar ƙorafin da aka nuna mini ta ce ni ɗan jam'iyya ne na ɓangaren yamma, kuma na ɓangaren safe. Ban ga laifin wanda ya rubuta ba, abin da ya gani ya rubuta.

Don haka ina roƙon abu uku.

Na farko, kada ka goge hotunan. In ka goge, za a ce an biya ka, ko an tsorata ka, kuma kai da kanka za ka iya yin minti ashirin a kan hakan. Ka saka cikakken bidiyon ranar Talata yadda aka ɗauka, da ƙarar ruwan, da maganar saniyar.

Na biyu, ka rubuta gyara a shafin kafin la'asar ɗin Lahadi, da haruffa masu girman waɗanda ka rubuta labarin da su, ka ce ba ka san ni da wata jam'iyya ba, kuma ba ka taɓa ganin cikin fayil ɗina ba. In kana so ka gani, zan kawo maka, ka duba a gabana da busasshen hannu.

Na uku, ka ba ni wannan gyaran a takarda da sa hannunka, in tafi da shi ranar Litinin. Ba ni da wani shaida sai kai. Baba Alidu ya ce zai raka ni ya faɗi gaskiya, amma ya ce ba ya fita ko'ina ba tare da hular jam'iyyarsa ba. Na yi masa godiya, na roƙe shi ya huta a gida.

Maganar kofi na uku mun daidaita da Baba Alidu. Zan sha bayan zaɓe, a zauren gidansa, daga farko har ƙarshe, ƙofa a rufe.

Mutane da yawa sun ba ni shawara in sayi laima don kada ruwa ya sake kora ni rumfar kowa. Na yi tunani a kai kwana biyu. Laima alamar wata jam'iyya ce a ƙasar nan. Na sayi baƙar leda, na naɗe fayil ɗin a ciki. In mai ɗaukar hotonka ya gan ni ranar Litinin ina tafe a jiƙe da baƙar leda a hammata, ina roƙo ya bar ni in wuce, ƙarfe goma ake jirana.

Allah ya ƙara wa shafinka albarka, ya ba ka majiyoyi masu tushe na gaske, ya ba Hajiya lafiya, ya sa a yi zaɓe a gama lafiya, ko wa ya ci.

Wassalam.

Mubarak Seidu
Dabokpa, Tamale
Mai lamba goma sha bakwai a allo, zuwa ranar Litinin dai.