Rawanin da na naɗa wa Habibu

Daren Laraba, watan Yuni, Konni

Mushen lakwal, wato malamin makaranta, ya ce Habibuna zai fito ɗan fashin teku a wasan ƙarshen shekara, in haɗa mishi kaya. Ni ko tekun ban taɓa gani ba. Na ce ɗan fashi dai ɗan fashi ne. Na naɗa mishi tsohon rawanin babanshi har ya rufe baki, na ɗaura igiya jikin guntun icce ya rataya a kafaɗa kamar bindiga.

Ya ruga ya gwada wa Inna, uwar mijina. Wata huɗu ke nan da ta baro ƙauye, tun da aka kore shanunsu aka harbe autanta. Tana ganinshi ta saki ƙwaryar fura, ta dafe bango tana cewa, "Ku ɗauka, ku ɗauka duka."

Habibu na kuka, "Kaka, ni ne fa!"

Bayan magariba mushe ya turo hoto ta waya: jan kallabi ne kawai, da ƙyalle a ido guda. Ashe nasu ɗan fashin abin dariya ne.

Inna ba ta taɓa tuwo ba. Na cusa iccen a murhu. Ba wanda ya koya min naɗin nan. Da ka na yi shi, kuma ban kuskure komai ba.