Allurar da ka ce in sayo wa shanu

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Ya Anti Rabi da yara, ya shanu? Mu nan Longsight a Ingila lafiya lau, sai sanyi.

Na saurari kaset ɗinka, inda ka ce in sayo maka allurar ƙara wa saniya nono. Da muka je suna Birmingham, na tambayi wani likitan dabbobi muna cin abinci. Yaya, sai da ya ajiye cokali! Ya ce an haramta ta a ƙasar nan. Wai in aka yi wa saniya, hantsarta kan kumbura har mugunya ta bi nono, ga ɗingishi. Na ce to mutane fa? Ya ce har yanzu likitoci na gardama.

Ka san tatsar safe ba ta zuwa kasuwa. Da ita ake dama wa Inna fura, yara su shanye ragowar.

Ba zan aiko ba. In wani ya kawo maka, don Allah kada ka karɓa.

Ka gaida kowa, Inna ta sa mu a addu'a. So nake in dawo in tarar da ita da ƙwaryar furarta a hannu.

Ƙanwarka,
Hadiza