Mu'minat ba za ta zo Kano bana ba

Zuwa ga ƙanwata Fadimatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, Ya tsare ku a inda kuke. Mu nan alhamdu lillahi. Iya ta samu sauƙi, ta fara fitowa tsakar gida da sandarta, kuma ba a yini ba ta tambayi ko kin bugo waya ba. Ruwa ya dawo tur'a, magudanar ban-ruwanmu, bayan wata biyu tana bushe, mun samu mun shuka dawa a rabin hawasha, gonar nan tamu, ɗaya rabin mun bar shi don babu hannun da zai bi shi. Yawancin waɗanda muka gudu tare zuwa garin Managil lokacin yaƙi sun komo, ko da yake gidaje da yawa har yanzu ba ƙofa ba taga.

Saƙonki ya iso tun watan jiya, inda kika ce a turo miki Mu'minat, ɗiyar marigayi ƙanenmu Nasir, ki sa ta makarantar kurame a can Kano. Allah Ya saka miki da alheri. Ban yi shiru don raini ba. Maganar ta fi ƙarfin waya, ga shi layi yana yankewa kafin mutum ya gama gaisuwa, shi ya sa na ce gara in zauna in rubuta miki komai.

Kin san yadda abin ya same ta. Ranar da muka fita daga gari wani abu ya fashe kusa da lorin da suke ciki, tun daga nan ba ta sake jin komai ba. Likitan da ya duba ta a Managil ya ce kunnuwan biyu sun tafi. Tana da shekara shida a lokacin, ba ta ko shiga makaranta ba. Bakinta yana nan, tana magana, sai dai ba ta san ƙarfin muryarta ba, wani lokaci ta yi ihu, wani lokaci ba ka jin abin da ta ce. In ka fuskance ta ka yi a hankali tana gane magana daga leɓɓanka, amma da Hausa kaɗai, don ita ce ta ji a gida kafin jin ya ɗauke. Makaranta kuwa da Larabci ake koyarwa.

Da aka buɗe makaranta na koma kujerata ta mudir, shugaban makaranta. Cikin malamai goma sha ɗaya, biyar suka dawo. Sai ga takarda daga ofishin ilimi cewa a karɓi kowane yaro, ko makaho ne ko gurgu ko kurma, a zaunar da shi tare da sauran. Wallahi na yi murna da takardar, don da ita na shawo kan Talatu, uwar yarinyar, ta bar ta ta zo. Suka ce a turo malami ɗaya birnin Madani a koya masa yadda ake yi. Na tura Ustaza Najwa, ɗiyar Alamin mai gyaran famfo, wadda kika bari tana rarrafe. Kwana uku ta yi ta dawo da ɗan littafi guda mai hotunan hannuwa. Ajinta yara tamanin da huɗu ne. Na kai Mu'minat na zaunar da ita a bencin gaba, na koma ofis ina ganin na sauke nauyi.

A nan na yi kuskuren da har yau yake damuna. Wata biyu ban leƙa ajin ba. Yarinya tana dawowa gida da littafi cike da rubutu mai kyau, muna ta sa albarka, ashe zanen allo take kwafa, ba ta san abin da harafi ɗaya yake nufi ba. Wata safiya ina wucewa ta taga na ga Najwa ta juya baya tana rubutu tana bayani, Mu'minat kuma ta kifa kai a benci. Raina ya ɓaci. Lokacin karin kumallo, a gaban sauran malamai, na faɗa wa Najwa maganar da ba ta dace ba, har na ce ko yawon buɗe ido ta je Madani. Da aka tashi ta same ni a ofis. Ta ce ta gwada duk abin da aka nuna musu, ta yi Larabci a hankali har muƙamuƙinta ya yi ciwo, yarinyar ba ta kama komai, ita kuma Hausarta ba ta wuce gaisuwa da cinikin kasuwa ba, kamar sauran 'ya'yanmu na yanzu. Ta ce hotunan littafin ma ba irin alamun da Mu'minat ta sani ba ne. Sannan ta tambaye ni sau nawa na shigo ajin tun da na ajiye mata yarinyar. Ta ce in ina so ta bar aikin, a ranar za ta rubuta takarda. Fadimatu, shekara talatin da ɗaya ina koyarwa, ban taɓa jin kunya a gaban malami irin ta ran nan ba. Na ba ta haƙuri, washegari kuma na sake ba ta a gaban waɗanda na ci mata fuska a gabansu.

Daga nan na raba ajin biyu. Na ɗauki yara arba'in na zauna da su ƙarƙashin bishiya, ita ta riƙe sauran a ɗaki. Bayan an tashi mukan zauna ni da ita mu juya darasin gobe zuwa Hausa, ta maimaita a gabana har bakinta ya faɗa daidai. Sau da yawa ni ma kalmar takan ɓace mini, sai mun aika an tambayi Iya. Iya kuwa ta samu abin yi, tana ta yi mana dariya wai malamai sun zo ɗaukar karatu wurin wadda ba ta taɓa riƙe alli ba.

Talatu ce ta tuna mana da Sambo, kurman nan mai tsaron ƙofar ruwan tur'a, wanda muke tsokana muna yara, Allah Ya yafe mana. Ta ce kullum da la'asar Mu'minat tana wurinsa, su yi ta hira da hannu har sai an je an kira ta. Na je na same shi, da ƙyar na fahimtar da shi cewa so nake ya zo ya koya wa malamai. Ya daɗe yana kallona, yana zaton wasa nake. Ranar Alhamis sai ga shi cikin jallabiyarsa ta Juma'a. Mutumin da ya haura sittin, bai taɓa taka cikin makarantar ba, sai dai ya wuce ta bayan katanga. Ɗaya daga cikin malaman ya ce shi ba zai zauna gaban wanda bai san alif ba, ya ɗauki jakarsa ya tafi. Sambo bai ji ba, amma ya gani. Bai fasa ba. Ya zo da auduga a aljihu da ƙoƙon ruwa da tsakuwa don ƙirga, ya ɗaga abu ya nuna alamarsa, mu kwaikwaya, in mun yi ba daidai ba ya buge mana hannu. Yanzu mu uku ne muke zama. Sauran biyun ban riƙe su a rai ba, don da an tashi gona suke wucewa, in ba haka ba gidajensu ba a ɗora tukunya.

Abin ya yi amfani, ba zan ɓoye ba. Mu'minat ta fara karanta gajerun jimloli, a lissafi kuwa babu mai kama ta a ajin. Yaran sun riga mu iya maganar hannun, har sun mai da ita hanyar gulma a bayan malama. Amma watan da ya wuce mai duba makarantu ya zo, ya zauna a ajin Najwa, ya rubuta cewa tana rutana a cikin darasi, kin san haka suke kiran duk harshen da ba Larabci ba, kuma an raba aji ba da izini ba. Na ɗauko masa takardar ofishinsu na shimfiɗa a gabansa. Ya karanta, ya ce shi ma ya ga yarinyar tana ganewa, amma takardar da aka ba shi ya cike ba ta da wurin rubuta haka. Ban iya yin fushi da shi ba, a bayan lori ya zo, ƙura har gira. Na rubuta musu bayani shafi biyu, har yau shiru.

Sai kuma wadda ta fi karya ni. Mijin Najwa ya samu aiki a Kassala, za ta bi shi da zarar an gama jarrabawa. Da ta zo faɗa mini kuka ya hana ta ƙarasawa. Ban ce mata ta zauna ba, ba ni da wannan hakkin. Yanzu ta samu littafi tana zana kowace alama da Sambo ya koya mana, ta rubuta Hausarta da Larabcinta a gefe, don wanda zai gaje ta. Ni kuwa na san ba wanda za a turo.

Shi ya sa da saƙonki ya zo na ce ko mafita ce Allah Ya kawo. Na kira Talatu. Ta ce ta rasa miji, ba ta son a ce da bakinta ta raba kanta da ɗiya ko ta tare mata hanya, duk abin da na yanke ta bi. Na ga ba daidai ba ne mu yanke a kan yarinya tana zaune tana kallon bakunanmu, sai na juyo na faɗa mata komai a hankali. Ta tambaya ko hannun mutanen Kano irin na Sambo ne. Na ce ban sani ba, mai yiwuwa da bambanci. Ta tambaya wa zai koya mata in Ustaza ta tafi. Na nuna ƙirjina, na yi mata alamar malami. Ta dube ni ta fashe da dariya da wannan babbar muryar tata, ta kama yatsuna ta gyara, ta ce abin da na yi jaki yake nufi. Da ta gama dariya ta ce za ta zauna shekara ɗaya ta gani. In Bappa, wato ni, ya iya, shi ke nan. In bai iya ba, a kai ta wurin Gwaggo a Kano.

To kin ji amsarki, ba tawa ba ce, tata ce. Ki ba ni wannan shekarar, amma kada ki janye maganarki, don ba ni da tabbacin zan ci jarrabawar. Na gaji, Fadimatu. Saura shekara biyu in ajiye aiki, da safe yatsun nan ba sa lanƙwasuwa sai na jiƙa su a ruwan ɗumi, abin da Sambo ya nuna mini ranar Alhamis kafin Asabar rabi ya zube. Abu ɗaya nake roƙonki. Ki je makarantar kuramen nan, ki samu wata malama mai haƙuri, ki roƙe ta ta bari ki ɗauke ta a waya tana koya wa yara karatu tun daga harafin farko. Ko sau uku ne ki turo. Ban taɓa ganin yadda ake yi ba, lalube kawai nake, kuma yarinyar ta sani.

Ki gaishe mini da maigidanki Alhaji Uzairu da kyau, da yara Kamal da Halimatussa'adiya, Allah Ya yi musu albarka. Iya tana gaishe ki, ta ce ki daina aiko da hoto ki zo da kanki. Talatu tana gaisuwa tana godiya. Mu'minat ta ce ita za ta rubuta sunanta a ƙasan takardar, na bar mata wuri. Ki sa mu a addu'a.

Wassalam.

Yayanki,
Usmanu

Mu'minat Nasir