Injiniyan da Na Zaɓa Maka

An shuka ni ba a ba ni ruwa ba, na shekara a ƙasa ban ruɓe ba. Wanda ya shuka ni ba ya dawowa girbi, ranar da na tsiro kuwa ba mai murna. Mece ce ni?

Zuwa ga maigidana marowaci,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya takalmin nan naku mai nauyin dutse? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ta koyi taurin kai a wurinka.

Ka ga na kwafo kacici-kacicinka a sama, kada ka ce tsohuwa ba ta karanta ba. Wata huɗu ba wasiƙa, da ka tashi rubutowa sai layi uku da abin ɗaure kai. To ni na koya maka wannan wasa tun kana tsula mini fitsari a baya, saboda haka ba zan ba ka gari ba. Na ce gyaɗa ce, uwarka ta ce gyaɗa sai da ruwa. Na ce gawa ce, ta tashi ta bar mini ɗakin. Ina nan ina nazari.

Na ji daɗi da ka ce an gama horo, an kai ka ɓangaren da na zaɓa maka. Ban manta ranar da ka shimfiɗa takardar nan a kan tabarmata ba, na sa tabarau ina bin layi da yatsa. Kai sojan ƙasa kake so, irin na ubanka, kamar ba ka san agogo da bargo kaɗai aka dawo mana da su ba. Na ce asibiti, sai na tuna ko kaza aka yanka kai kake kawar da kai. Na ce girki, alhali ko ruwan zafi ka ɗora sai ya ƙone. Masu badujala ka ce kunya, direbobi kuma na ji a hanya ake tare su. Da idona ya faɗa kan injiniya sai na tuna makanikin bakin layinmu, shekara talatin yana kwance ƙarƙashin mota, ba abin da ya same shi sai baƙin farce. Harsashi ba ya bin mutum ƙarƙashin mota. Ka buɗe baki za ka yi magana, na ce in ka musa mini ban yafe goyon da na yi maka ba. Na kuma sa ka ɗauki aikin shekara uku maimakon na dindindin, don ka dawo kafin a binne ni.

Ka riƙa wanke hannu kafin ka ci abinci, baƙin mai ba miya ba ne. Uwarka da ƙanwarka suna gaishe ka.

Matarka da ba ka ciyarwa,
Kaka

Zuwa ga jikana,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka, kuma wannan karon da gaske nake tambaya.

Bakina ne ya ja mini. Shekaranjiya na tsaya wurin tsohon sojan nan mai gadin makaranta, ina yi masa burga cewa jikana injiniyan soja ne, yana can a inuwa yana kwance ƙusa. Yana shan ruwa, sai ya ajiye kofin. Ya tambaye ni injiniya ko makaniki, na ce ai duk kanwar ja ce. Ya ce a gari ne haka. A soja, in ji shi, injiniyoyi su ne masu kafa gada da buɗe hanya, kuma su ake turawa gaban kowa, har gaban sojan ƙasa, suna rarrafe da gwiwa suna lalube ƙasa, suna neman abin da maƙiyi ya binne. Masu gyaran mota kuwa layinsu daban.

Na dawo gida na zazzage akwatina, na ciro kwafin takardar da ka bar mini. Na juya ta. Ashe akwai rubutu a baya, layi biyar, na biyunsu masu gyaran motoci. Ajin manya da na yi an koya mini karanta takarda, ba a koya mini juya ta ba.

Ka sani tun ranar, ko ba haka ba? Abin da ka buɗe baki za ka faɗa ke nan. Yaron da bai taɓa jin maganata ba ko a kan aski, sai ranar nan kaɗai ka ga dama ka yi biyayya.

Jiya na je ofishin da ake ɗaukar ku. Na zauna kan benci tun hantsi har inuwa ta juya, tare da iyayen da suka kawo 'ya'yansu a rubuta. Wata ta tambaye ni wane layi ya fi, na ce ta fara juya takardar. Da aka kira ni, akawun ya ba ni kujera, mutumin kirki ne. Na gaya masa kuskuren nawa ne, a mayar da kai wurin motoci. Ya ce akan canja wa mutum ɓangare, amma sai mai aikin dindindin, don ba a sake horar da wanda zai tafi bayan shekara uku. Ka ga ƙofa biyu ke nan, duka ni na kulle.

Ban gaya wa uwarka ba. Tana nan tana faɗa wa maƙwabta kana gyaran mota. Amsar kacici-kacicinka kuma na gano ta, amma ba zan rubuta ba muddin kana can. Ka taka a hankali. Ka yi lalacin nan naka da na sani, ka bar masu zafin nama su wuce.

Kakarka

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa da fatan sauƙi. Ya jiki, ya kwanan asibiti? Allah ya ƙara afuwa, ya sa kaffara ne.

Abokin aikinka da ya kawo mana labari ya ce kunnenka na dama bai dawo ba tukuna, to ga wasiƙa, ita ba ta bukatar kunne. Ya ce ƙafar kuma daga gwiwa aka yanke. Ya ce kafin ranar da abin da aka binne ya tashi da kai, ka tone goma sha ɗaya lafiya, kuma motocin da suka bi hanyar a bayanka cike suke da 'ya'yan mutane. Na saurare shi, na ba shi ruwa. Ban san iyayen waɗancan ba, kai na sani.

Na gaya wa uwarka komai, har da bayan takardar. Ta tashi ta shige ɗakinta. Tana kawo mini abinci ta ajiye a bakin ƙofa, ni ma da ni ce ita iyakar abin da zan iya ke nan.

An ce sun ba ka zaɓi, ko su sallame ka da ɗan abin da za a riƙa ba ka duk wata, ko ka zauna a ɗakin ajiya kana raba wa sababbi kaki da takalma. Mai ƙafa ɗaya yana raba takalmi bibbiyu, wannan ko ni mai tsara tatsuniya ban isa in ƙago shi ba. Ka aiko a tambaye ni wanne za ka ɗauka. Kada ka ƙara. Ka karanta takardar gaba da baya, ka sa hannu inda ranka ya kwanta. In ka dawo, ga sandata mu riƙa karɓa-karɓa, dama na gaji da miji mai saurin tafiya. In ka zauna, zan zo da kaina ran ziyara, ka faɗa mini maganar da na hana ka faɗa, ko wace iri ce.

Ƙanwarka ta gyara maka ɗakin ƙasa, ta cire dakalin bakin ƙofa.

Ni ce kakarka. Ban ba ka gari ba. Amsar ita ce nakiya.